Da me ake auna tasirin masanin da ke binciken guba a abinci?

Ummu Hanifa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka karanci kemistiri ko kimiyyar abinci. An ba mu aiki ne a kwas ɗin lafiyar abinci, wai kowa ya zaɓi masani ɗaya ya rubuta irin tasirin da bincikensa ya yi a kan gurɓacewar abinci da sinadarai masu cutarwa. To yawancin 'yan ajinmu abin da suka yi kawai shi ne suka hau Google Scholar suka nemo wanda ya fi kowa yawan takardu, suka kwaso lambobi, wannan yana da takarda ɗari kaza, an ambace shi sau dubu kaza, h-index ɗinsa (lambar da ke haɗa yawan takardun masani da yawan ambatonsu) kaza, shi ke nan wai an gama aiki.

Ni gaskiya abin bai kwanta min ba. Yaron da ke cin abincin ina ruwansa da sau nawa aka ambaci farfesa a mujalla, shi dai gubar ta ragu a abin da yake ci ko ba ta ragu ba. Shi ne nake so ku taimaka min, da me ake auna tasirin irin wannan masani? Kuma akwai wanda za a iya bin sawun aikinsa tun daga lab har zuwa doka har zuwa jikin mutane, yadda zan iya kafa hujja da shi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malam Habu Kemist:

Wa alaikumus salam 'yata. Tunaninki yana kan hanya, kuma idan misali ɗaya kike so wanda sawunsa ya fito fes to ki ɗauki Clair Patterson, Ba'amurke, wanda asali ma ba masanin abinci ba ne, shekarun duniya yake nema.

Ga yadda abin ya faro. A ƙarshen shekarun 1940 yana ɗalibi a Jami'ar Chicago aka ba shi aikin auna dalma a cikin duwatsu, domin yuraniyom a hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, in ka san yawan kowanne sai ka lissafo shekarun dutsen. Sai ya ga duk lokacin da ya auna sai dalmar ta fi yadda ya kamata yawa, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ya bi diddigi sai ya tarar ashe dalmar a ko'ina take, a ruwan famfo, a ƙurar ɗakin, a kwalaben gwajin, a asid ɗin da yake narka dutsen da shi, har a gashin kansa da tufafinsa. Da ya koma jami'ar Caltech sai ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsabta, iskar da ke shiga tacewa ake yi, kayan aiki a jiƙa su a asid a ɗauraye, ruwan ma sai an sake tace shi, babu mai shiga da kayan da ya zo da su daga waje. Da wannan ne a 1956 ya fitar da cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.55, kuma har yau kusan a nan lissafin yake tsaye.

Wani da ya tsaya nan ya ci sunansa. Shi kuwa sai ya ce to wannan dalmar da ta hana ni sakat daga ina take fitowa? Ya auna ruwan teku ya ga na sama ya fi na can ƙasa dalma nesa ba kusa ba, ya je ya haƙo ƙanƙarar Girinlan wadda take taruwa shekara bisa shekara ya ga yadda dalmar ta riƙa hawa da zuwan masana'antu, sannan ta yi tsalle bayan motoci masu shan fetur mai dalma sun cika gari, wanda tun 1923 aka fara sayar da shi a Amurka. A 1965 ya buga takarda yana cewa dalmar da ke jikin Ba'amurke na yau da kullum ta ninka ta asali wajen sau 100.

A lokacin kuwa wanda ake ji da maganarsa a kan dalma shi ne Robert Kehoe, likita ne da kamfanonin da ke yin sinadarin dalmar da ake zuba wa fetur suke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa a Cincinnati, shi kuma matsayarsa ita ce dalma a jini abu ne na halitta, kowa yana da ita, in dai ba ta wuce wani mizani ba babu komai. Inda gizo ke saƙar shi ne mutanen da yake kwatantawa da su a matsayin masu lafiya su ma sun riga sun gurɓata, kayan awonsa ma haka. Kamar mai auna hatsi ne da sikelin da tun ba a ɗora komai ba allurarsa ta riga ta yi gaba. Patterson ya sha wahala a kan wannan magana, kuɗin bincike da yake samu daga ɓangaren masu mai ya yanke, a 1966 ya je gaban kwamitin majalisar dattawa na Sanata Edmund Muskie ya yi bayani, amma a 1971 da aka kafa kwamitin masana na ƙasa a kan dalmar da ke iska ba a sa shi ba, alhali babu wanda ya kai shi iya auna ta.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi aikinki kai tsaye. A 1980 shi da Dorothy Settle suka buga bincike a mujallar Science a kan kifin tuna. A da gwangwanin abinci da dalma ake liƙe gefensa. Lab ɗin gwamnati ya auna ya ce ɗanyen kifi yana da nanogiram 400 na dalma a kowane giram (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), na gwangwani kuma 700, wato ko ninki biyu bai kai ba, sai kowa ya ce ai gwangwanin ba wata matsala ba ce. Su kuma da suka yanka kifin a ɗakinsu mai tsabta sai suka samu 0.3 a ɗanye, 1400 a na gwangwanin da aka liƙe da dalma. Ki dubi tazarar nan da kyau, ninki dubbai ne, kuma shekaru aka yi ba a gani ba saboda kawai hannun mai awon da wuƙarsa da ɗakinsa suna zuba wa ɗanyen kifin dalma kafin ya kai ga na'ura. Ni a wurina wannan shi ne babban abin da mutumin ya yi, ya nuna wa masu awon abinci cewa lambobinsu na shekara da shekaru ba su da inganci, kuma ya koya musu yadda ake yi.

Sai ki bi sawu. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta haramta liƙin dalma a gwangwanin abinci a 1995, fetur mai dalma ya bar titunan Amurka gaba ɗaya a farkon 1996, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. A jikin mutane kuwa, binciken lafiya na ƙasa da Amurka ke yi ya nuna matsakaicin dalma a jini ya sauko daga maikirogiram 12.8 a kowane desilita tsakanin 1976 da 1980 zuwa 2.8 tsakanin 1988 da 1991. Patterson ya rasu a Disambar 1995. Wannan saukowar ta jini ita za ki sa a tsakiyar rubutunki.

Bilkisu Lab:

Malam Allah ya ƙara basira, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanwata Ummu Hanifa bari in ƙara miki daga ɓangaren mu masu tsayawa a kan benci. Abin da Malam ya faɗa har yau shi ne rayuwarmu a duk lokacin da za a auna ƙarfe mai guba a abinci. Kafin ka yarda da lambar da na'ura ta ba ka sai ka haɗa samfurin wofi, wato ka ɗauki kwalba irin ta sauran, ka zuba asid ɗin nan dai, ka dafa shi tare da su, ka bi duk matakan amma babu abinci a ciki. Duk abin da na'ura ta karanto a wannan kwalbar to naka ne, daga hannunka ko ruwanka ko asid ɗinka ya fito, kuma in ya yi yawa aikin ranar gaba ɗaya ya tashi sai a sake. Robobin ma kwana suke a jiƙe a asid, safar hannu mara hoda, kuma dole a sa wani samfuri da an riga an san ainihin abin da ke cikinsa a gani ko za ka samo lambar daidai. Wallahi mutum ba ya gane yadda abu ke da saurin gurɓata sai ya ga murfin da ya ajiye a kan teburi na minti biyu ya ɓata masa sakamako.

Sannan akwai wani nau'in masana da lambobin Google Scholar ba za su taɓa nuna miki darajarsu ba, su ne masu ƙirƙiro hanyar gwaji. Dubi abin da ya faru a Chaina a 2008 da madarar jarirai. Gwajin furotin da aka saba yi, wanda Johan Kjeldahl ya fito da shi tun 1883, ba furotin ɗin yake gani ba, naitirojin yake aunawa sai a ninka da wata lamba a ce ga furotin. Maha'inta suka gane haka, sai su tsinka madara da ruwa su zuba melamin, sinadarin da ake robobi da shi wanda wajen kashi 66 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne, gwaji ya ce madara ta cika. Jarirai kusan 300,000 suka kamu, duwatsu a ƙoda, sama da 50,000 aka kwantar a asibiti, gwamnati ta tabbatar da mutuwar shida. Kuma shekara ɗaya kafin nan, a 2007, melamin ɗin nan ya riga ya kashe karnuka da kyanwoyi a Amurka ta abincin dabbobi. Waɗanda suka zauna cikin gaggawa suka tsara yadda za a gano melamin shi kansa a madara, suka rarraba hanyar ga labs na duniya, su ne suka sa iyakar da Codex, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin abinci, ta kafa a 2010 ta zama abin da za a iya aiwatarwa, miligiram 1 a kilo na garin madarar jarirai, 2.5 a sauran abinci. Doka in babu gwajin da zai kama mai karya ta ai takarda ce kawai. To ki saka wannan a ma'auninki, shin hanyar da masanin ya fito da ita labs sun ɗauka suna aiki da ita kullum?

Abba Sadiq:

Malam da Anti Bilkisu sannunku da ƙoƙari, mun ƙaru. Amma da izininku ina da ɗan gyara guda biyu don kada malaminta ya kama ta a nan.

Na farko, in ta rubuta kamar Patterson shi kaɗai ya sauke dalma daga jinin Amurkawa za a ce ta yi zuzutawa. Daga 1975 sababbin motoci a Amurka suka fara zuwa da na'urar tace hayaƙi a salansa, ita kuma dalma lalata ta take yi, dole aka koma fetur mara dalma ko da babu maganar lafiya. Sannan Patterson ya nuna dalmar ta yi yawa ne, wanda ya nuna abin da take yi wa yara ko da ba su nuna alamar ciwo ba shi ne Herbert Needleman, likitan yara, wanda a 1979 ya tattara haƙoran da yara 'yan firamare suka fuɓe a garuruwa biyu na jihar Massachusetts ya auna dalmar ciki, ya ga masu dalma da yawa sun fi rauni a gwajin ƙwaƙwalwa da natsuwa a aji. Shi ma an tuhume shi da maguɗin bincike, aka yi ta jan sa, daga ƙarshe ba a same shi da laifin ba. Aikin mutum biyun nan ne ya haɗu da na wasu da yawa.

Na biyu, kar mu watsar da ambato gaba ɗaya. Matsalar 'yan ajinku ita ce sun ƙirga ne kawai ba su duba waye ya ambata ba. H-index ɗin nan a 2005 wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo shi, kuma yana iya kumbura da takardun bita da ambaton kai da kai da na abokai. Amma in kika buɗe rahoton JECFA, kwamitin masana na haɗin gwiwar FAO da WHO, hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke aiki tun 1956, kika ga a kan binciken wane suka dogara wajen yanke hukunci, wannan ambato ɗaya ya fi dubu. Misali a 2010 kwamitin ya janye mizanin da ya daɗe da sawa na dalma, maikirogiram 25 a kowane kilo na nauyin mutum a mako, ya ce ba za a ƙara ɗaukarsa a matsayin mai kare lafiya ba, saboda binciken da ya taru a kan ƙwaƙwalwar yara da hawan jinin manya. Ki je ƙarshen irin wannan rahoton ki ga sunayen da ke wurin.

Ummu Hanifa:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Malam, Anti Bilkisu, Yaya Abba. Patterson zan ɗauka in sha Allah kuma zan sa Needleman da maganar salansa. Amma wani abu ya taso min, duk misalan nan gubar a fili take kuma an yi doka an ga sauƙi. To idan masani ya gano abu a abinci amma har yanzu ana gardamar ko yana cutarwa sosai fa? Ko kuma ya gano gaskiya amma ba a bari ta fito ba? Su ma za a ce sun yi tasiri?

Malam Habu Kemist:

Gyaran Abba daidai ne, ki riƙe shi. Tambayarki ta farko kuwa akwai mace da ta dace da ita, Margareta Törnqvist ta Jami'ar Stockholm a Suwidin. A 1997 ana haƙa ramin jirgin ƙasa a tsaunin Hallandsås sai sinadarin da ake toshe yoyon ruwa da shi, mai ɗauke da wata guba mai suna akrilamaid, ya malala cikin rafuka, kifaye suka mutu, shanu suka shanye. Aka kawo mata jinin ma'aikatan don ta iya gano sawun sinadarin a jikin jan jini. Sai ta ga har mutanen da aka ɗauko don kwatance, waɗanda ba su taɓa zuwa wurin ba, suna da shi a jini. Ba ta share wannan a matsayin kuskuren na'ura ba, ita da ɗalibanta suka bi shi har suka gano daga abinci yake, soyayye da gasasshe. A Afrilun 2002 aka sanar tare da hukumar abinci ta ƙasar, kuma a shekarar wasu masanan suka nuna yadda yake samuwa, wani sinadarin furotin mai suna asparajin ne ke haɗuwa da sukari in zafi ya wuce wajen digiri 120, shi ya sa yake yawa a soyayyen dankali da biskit da gasasshen burodi da kofi, dafaffe a ruwa kuwa kusan babu.

Akrilamaid yana sa ciwon kansa a ɓeraye, kuma tun 1994 hukumar IARC mai binciken ciwon kansa a ƙarƙashin WHO ta sa shi a rukunin abin da ake kyautata zaton yana sa wa mutum, sai dai binciken da aka yi a kan jama'a masu yawa bai nuna alaƙa mai ƙarfi da yawancin kansoshi ba a adadin da ake ci. Duk da haka ni zan ce ta yi tasiri babba, domin kafin ita babu wanda ya san ma a nemi abin a abinci, bayanta kamfanoni suka canza zafin suya da yadda ake ajiye dankali, aka fito da sinadarin da ke cinye asparajin kafin gashi, Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2017 da ta tilasta masu sarrafa abinci su rage shi. A nan ba za ki iya nuna rayukan da aka ceta da lamba ba, sai ki faɗi iya abin da ya canza ki tsaya.

Ta biyun ita ce mai ciwo, kuma duk lokacin da na koyar da ita raina sai ya ɓaci. Hajime Hosokawa shi ne shugaban asibitin kamfanin sinadarai na Chisso a garin Minamata na Japan, shi ya kai rahoton wata baƙuwar cuta ga hukuma ranar 1 ga Mayun 1956, yara ba sa iya tafiya ba sa iya magana, ga farfaɗiya, kyanwoyin garin ma suna haukacewa su faɗa teku. Zaiba ce kamfanin ke zubarwa a ruwa tana taruwa a kifi da ƙumba, masunta da iyalansu suna ci. A 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka nuna zaiba ce, shi kuma Hosokawa a ɓoye ya riƙa zuba ruwan dattin masana'antar a abincin kyanwoyi, kyanwa mai lamba 400 ta kamu da cutar sak. Ya kai wa shugabannin kamfanin, suka hana a ci gaba da gwajin, sakamakon bai fita ba, shi ma ya yi shiru. Aka ci gaba da zubar da ruwan har 1968, shekarar da gwamnatin Japan ta amince a hukumance cewa daga masana'antar ne, kuma kafin nan a 1965 cutar ta sake ɓulla a Niigata daga wata masana'antar daban. Binciken daidai yake, gwajin ya yi kyau, amma shekara tara mutane suna cin kifin saboda yana kulle a durowa. Sai a 1970 yana kwance a asibiti da kansar huhu ya ba kotu shaida a kan kyanwa ta 400, ya rasu a shekarar, a 1973 kotun Kumamoto ta ba marasa lafiyar gaskiya a kan kamfanin.